Fijo 406 da dillali ya ce min 2004 ce: a duba min kafin in biya

Baban Walid:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawara nake nema wajen masana mota. Shekara takwas ina kan mashin, yanzu yara sun zama huɗu, in za mu gidan su mamansu ranar Juma'a sai na yi sawu biyu. Na ɗan tara abin da ya sawwaƙa, wani dillali ya kai ni na ga Fijo 406, salun, ruwan toka, giyar hannu. Ya ce 2004 ce, injinta EW10, kuma mutum ɗaya ne ya hau ta tun da ta shigo daga Kwatano. Bugu ɗaya ta tashi, esi yana sanyi. Abu biyu ne suka tsaya min a rai: ina murza makulli fanka ta kama gudu tun inji bai yi ɗumi ba, sannan duk zagayen da muka yi allurar zafi ba ta ɗaga daga ƙasa ba. Ya ce wai alamar lafiyayyen inji ke nan. Ni malamin makaranta ne, EW10 ɗin ma jiya na fara jin sunansa. Mene ne shi, kuma me zan duba?

Abba Kofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam, gudu. Ka ƙara ɗan wani abu ka sayi Camry mai siririyar fitila, ka yi barci da minshari. Fijo da rewaya kamar ɗan jinjiri da uwarsa ne, ba sa rabuwa.

Injiniya Sadiq:
Abba, mutum ya tambayi mene ne EW10, ka ba shi amsa da Camry. Bari a fara ba shi abin da ya tambaya.

Malam, 406 ta fito a 1995, aka daina ƙera ta a Faransa a 2004 lokacin da 407 ta gaje ta. Kashi biyu ce. Ta farko, daga 1995 zuwa 1999, kanikawa na ce mata D8. Wadda aka yi wa kwaskwarima daga 1999 ita ce D9, za ka gane ta da fitilun gaba garau kamar gilashin tabarau, fitilun baya kuma da wani layi mai launin jikin motar da ya raba su biyu.

Injinan D8 dangin XU ne: akwai 1.8 mai ƙarfin doki wajen 110, da 2.0 mai wajen 132. A D9 aka koma dangin EW. EW7 shi ne 1.8, si-si 1749, doki wajen 116. EW10 shi ne 2.0, si-si 1997, doki wajen 136. EW12 shi ne 2.2, si-si 2230, doki wajen 158. Dukkansu silinda huɗu, bawul goma sha shida. Sai V6 mai si-si 2946, wanda ya fara da doki wajen 190 daga baya ya kai 207 zuwa 210. Tayoyin gaba ne ke jan ta. Tankinta lita 70, but ɗin salun lita 430, tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.7. Yawancinsu taya 195/65 R15 suke sakawa, noti huɗu.

To EW10 da aka ce maka, shi ne na tsakiya, kuma shi ya fi yawa a nan. In dai shi ne a ciki.

Baban Walid:
Allah ya saka da alheri Injiniya. "In dai shi ne a ciki" ɗin nan ya ɗan tsorata ni. Ana canjawa ne?

Oga Tanimu Mai Fijo:
Ana canjawa? Malam, motar da ta haura shekara ashirin a duniya, wadda ta rage da injinta na asali a garin nan sai ka ƙirga da yatsu. Ni shekara ashirin da shida ina kwance ƙarƙashin Fijo. Ga abin da za ka yi, ba sai ka biya kowa ba.

Ka ɗauki lambar cesis, tana farawa da VF3. Bayan VF3 za ka ga 8B in salun ce. Haruffa uku da ke biye su ne sunan injin da kamfani ya saka mata. RFN ko RFR, EW10 ke nan. 6FZ, EW7. 3FZ, EW12. XFZ ko XFX, V6. In ka ga LFY ko RFV to tsohon XU ne. Ka rubuta su a tafin hannunka. Sannan ka buɗe bonet, ka sa yaro ya goge jikin bulok da tsumma da ɗan fetur, akwai inda aka buga irin haruffan nan a jikin ƙarfen. Ka haska da fitilar waya. In na cesis da na bulok sun yi daidai, madalla. In sun saɓa, an yi mata dashe, sai a zauna a yi sabon ciniki.

EW7 da EW10 in ka tsaya daga sama kamar Hassan da Hussaini suke. Wanda bai sani ba zai rantse abu ɗaya ne. Sai ka ɗauko iyali da buhun shinkafa ka kunna esi ka zo hawa gada, a nan za ka san an rage maka doki ashirin.

Abba Kofar Ruwa:
Kun ji ko? Tun ba a saya ba an fara karatun haruffa kamar ɗan allo. Camry 2.2 inji ɗaya ne kowa ya sani, 5S. Kowane ƙauye ka tsaya akwai mai gyara ta.

Injiniya Sadiq:
Wannan gaskiyarka ce Abba, ba zan musa ba. Kuma akwai wata babbar falala da 5S-FE ke da ita: in taimin bel ya tsinke, mota kawai za ta mutu, a ja ta gareji a saka sabo. A EW10 in ya tsinke kana gudu, fistin zai haɗu da bawul, sai an sauke top silinda. Amma a ƙarfi kusan kunnen doki suke, 5S si-si 2164 ne, doki ɗari da talatin da 'yan kai, tankinta ita ma lita 70. Inda 406 ta fi ta shi ne zama a kan titi. Ƙafar bayanta hannuwa da yawa gare ta, kowace taya tana aikinta ita kaɗai, shi ya sa in ka shiga kwana da gudu ba ta yin lilo.

Abba Kofar Ruwa:
Hannuwa da yawa, bushin da yawa. Ni nake sayar da su, na san nawa ake zuwa nema a sati.

Oga Tanimu Mai Fijo:
Kai kuma da ba a zuwa nema da me za ka ci? Ka gode wa Allah da Fijo, ita ta yi maka aure.

Baba Tsohon Direba:
Salamu alaikum yara. Jikata ce take rubuta min, ni idona ya yi rauni. Na yi tuƙin ma'aikata shekara talatin da ɗaya. Da 504 na fara, 'yar Kaduna, wadda ake haɗawa a Kakuri. Kamfanin nan tun 1975 ya fara fitar da mota, a zamaninmu in ka ga motar gwamnati to Fijo ce. Na tuƙa 505, na gama da 406. Su 504 da 505 tayar baya ke tura su, akwai dogon ƙarfe da ya bi ta ƙarƙashi har baya. In ta tsaya a daji, da sukundireba da filaya da ɗan ƙyalle nake tayar da ita. Da aka kawo 406 aka ce wai tayar gaba ke ja, muka ce wannan ba za ta kai Maiduguri ba. Ta kai, ta dawo, maigida yana barci a baya bai san mun wuce Potiskum ba. Ban taɓa zama a kujerar da ta kai tata daɗi ba.

Amma ita ba a yi mata gyaran daji. Wannan shi ne abin da mutanenmu suka kasa ganewa. Yaro, in za ka saya, ka tambaya ko 'yar Kaduna ce ko 'yar Beljiyam. An ci gaba da haɗa ta a Kaduna bayan Turawa sun daina tasu. Allah ya sa albarka.

Baban Walid:
Amin Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Dillalin ya ce ta Kwatano ta shigo, ke nan ta Turai ce.

Sani Gareji:
Ni maganar fanka nake so in taɓa. Malam kada a ruɗe ka da turanci. Fanka dairek, wato a haɗa ta ta riƙa gudu da zarar an murza makulli kamar yadda ka gani, ba laifi ba ne. An yi motar nan ne don ƙasar sanyi, mu kuma a watan Afrilu ko kare ba ya fita rana. Duk motar da ta zo hannuna ina cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa har inji ya yi ɗumi, in haɗa fanka dairek, ba wadda ta taɓa dawo min da obahitin.

Oga Tanimu Mai Fijo:
Ba ta dawo maka ba don wajena take zuwa, Sani. Bari in yi maka bayani a gaban jama'a, ba don cin fuska ba.

Injin nan an yi shi ne ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90. Akwai sensa a jikin gidan ruwa da ke gaya wa burenbos, wato kwamfutar inji, zafin inji. In ka cire tamostat, ruwa na zagawa lagireto tun daga tashi, fanka kuma na hura shi ba hutawa, inji ba zai taɓa kai zafinsa ba. Burenbos sai ta ɗauka har yanzu asuba ce, ta yi ta zuba mai kamar an ja cok. Man da bai ƙone ba ya wanke bangon silinda, ya gangara cikin baƙin mai, ya tsinka shi. Filogi su yi baƙi. Bayan shekara ɗaya mai mota ya zo yana cewa Fijo shan mai gare ta kamar rijiya, tana hayaƙi. Ba ita ba ce, mu ne.

Abu na biyu, wanda ya fi muni: yawanci ba a cire tamostat sai mota ta riga ta yi obahitin. Wato akwai ciwo, lagireto ya toshe, ko wata famfo ya gaji, ko gasket ya fara ƙonewa, sai a ɓoye shi da fanka. EW bulok ɗinsa alminiyom ne, ba ya yafe zafi kamar tsohon XU10 mai baƙin ƙarfe.

Sani Gareji:
Oga, da girmanka, amma kai a cikin gari kake. Ka zo ka ga motar haya da ke ɗaukar mutum bakwai da kaya a kan but daga Gusau zuwa Sakkwato da azahar. Direba ba ruwansa da digiri 90, so yake ya isa.

Oga Tanimu Mai Fijo:
Ya wanke lagireto, ya saka ruwan kulan maimakon ruwan rijiya, ya tabbatar fanka na kama gudunta na ƙasa da na sama. Zai isa. Masar ma an haɗa 406, can ƙanƙara ake yi?

Sani Gareji:
Ni dai abin da na gani da idona na faɗa.

Maman Ilham:
Ku bar ni in sa baki tunda ni ce na sha wuyar. Malam, ka gode Allah taka giyar hannu ce. Tawa otomatik ce, irin giyabos ɗin da suke kira AL4, giya huɗu. Wata biyu da saye, ina kan hanyar kai yara makaranta sai na ji gum! kamar an dake ni ta baya, fitilar S da ta alamar ƙanƙara suka kama ƙiftawa a dashbod, mota ta maƙale a giya ta uku. In na kashe na kunna ta dawo daidai, anjima ta sake. Bakanike na farko ya ce giyabos ya mutu, a sayo wani. Na biyu ya juye man ya zuba wani ja da ake sayarwa a galan, abin ya ƙara lalacewa. Sai na uku ne ya sa mata kwamfuta, ya ce wasu ƙananan bawul biyu ne na lantarki da ke daidaita ƙarfin mai. Aka canja su, aka zuba man da ya dace. Shekara uku ke nan ban sake jin gum ba. Kuɗin da na ɓatar wajen na farko da na biyu ya fi na gyaran gaskiya.

Injiniya Sadiq:
Hajiya ta faɗi ciwon AL4 kaf. Man da aka rubuta masa LT 71141 ne, ba kowane jan mai ba. Ba shi da sandar awo, ta ƙasa ake duba shi yana da ɗumi wajen digiri 60, kuma in ka kwance noti kusan rabin man ne kawai ke fita, wajen lita uku cikin shida. V6 ba AL4 gare ta ba, nata na kamfanin ZF ne, 4HP20, ya fi ƙarfi. Amma malamin makaranta da V6 tun bayan 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, sai dai ya ajiye ta a ƙofar gida yara su riƙa wasan ɓuya a ciki.

Ɗan Maraɗi:
Salam mutanen Najeriya. Ku kullum esansi, esansi, wato fetur. Mu nan wadda muka sani ita ce HDi mai shan gazuwal, wato dizal, 2.0, doki 90 ko 110. A lambar shasi RHY ko RHZ za ka gani. Tawa wagon ce mai kujeru bakwai, biyun baya suna kallon baya, yara faɗa suke a kansu. Ba ta da saurin tashi kamar taku amma in ta ɗau hanya da kaya ba ta san tudu ba, kuma tanki ɗaya sai ka manta ranar da ka sha mai. Sharaɗinta ɗaya, mai mai tsabta da canjin filta a kan lokaci. Ka sha na bakin hanya mai ruwa, famfo da nozul su tafi, kuɗinsu ya kusa na inji. Mai 2.2 HDi kuma ina ba kowa shawara ya bar ta, akwai wata matatar hayaƙi a salansarta da ke son wani ruwa na musamman, in ta toshe ka shiga uku.

Abba Kofar Ruwa:
A nan dizal ya fi fetur tsada ɗan'uwa, kuma mai gyaran HDi sai an yi cigiya.

Rewaya Ɗanlami:
Tunda Abba ya ambace mu tun farko, bari in kare kaina. Abin da ke sa a zagi 406 wani akwati ne da ke ƙarƙashin sitiyari wajen fis, sunansa BSI. Shi ke kula da fitilu, sigina, waifa, makullan ƙofa da tsaron makulli. A na ƙarshen nan, daga wajen 2001, saƙo ne ke bi ta waya biyu tsakanin kwamfutocin motar, ba kowace fitila da wayarta daga suwic ba kamar 504. To sai mutum ya zo da fitilar gwaji da reza, ya fere waya ya ɗaura rediyo ko wata ƙatuwar fitila. Ko a wanke inji da injin feshi ruwa ya shiga soket. Ko a cire batir mota na kunne. Gobe waifa ta tashi da kanta, a ce aljanu ne ko a ce Fijo ce. In za ka cire batir, kashe mota, ka jira kamar minti uku akwatin ya yi barci tukuna.

Malam, ka leƙa ƙarƙashin sitiyari. In ka ga baƙin salatif ya yi yawa kamar an yi wa mota ɗaurin karaya, ka san an yi ɓarna. Ka tambayi makulli na biyu kuma, don makulli da BSI da burenbos a ɗaure suke da lamba ɗaya. Sannan a sa mata kwamfutar Fijo ta ainihi, PP2000 ko Diagbox, ba 'yar ƙaramar nan da ake haɗawa da waya ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a an gode. Abba da Oga Tanimu, na goge saƙonni biyu na ƙarshe da kuka yi wa juna, a bar zancen auren kowa. A ci gaba da mota.

Injiniya Sadiq:
Saura maganar shekara. Malam, buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai farar takarda da aka rubuta iskar taya. A kanta akwai wata lamba, huɗun farko su muke so. A motocin da aka ƙera a Faransa ƙidayar kwanaki ce da ta fara tun Nuwamba 1976, kowace rana lamba ɗaya. Motar da aka ƙera a 2004 lambarta sai ta haura 9900. Turo mana abin da ka gani.

Baban Walid:
Na dawo jama'a, yau bayan an tashi makaranta na je da wani ɗan'uwan matata bakanike. Ga abin da muka samu.

Cesis: VF38BRFN. Lambar jikin ƙofa ta fara da 9150. Jikin bulok kuwa, sai da muka goge da fetur sau uku, 6FZ ne ya fito ɓaro-ɓaro. Mun kwance gidan tamostat, wayam. Makulli ɗaya ne. Ƙarƙashin sitiyari salatif wuri ɗaya kawai, na rediyo. Mun kwance filogi ɗaya, baƙi ƙirin har da danshi. Murfin baƙin mai babu farin kumfa, ruwan lagireto ba ya tafasa, ƙasan motar ba tsatsa. Ƙafar baya ta hagu tana ƙwas-ƙwas a kan gargada.

Da na nuna wa dillalin 6FZ sai ya ce ai duk EW ne. Na ce to ni ma duk kuɗi ne, zan ba ka na 1.8.

Injiniya Sadiq:
9150 ƙarshen Nuwamba 2001 ke nan. Dillalin ya rage mata tsufa da shekara biyu da 'yan watanni.

Oga Tanimu Mai Fijo:
Malam ka iya ciniki, wa ya ce malamin makaranta ne kawai? Ga yadda nake gani. An haife ta da 2.0, injin ya mutu, wataƙila obahitin ne ya kashe shi, shi ya sa aka tsorata aka cire tamostat a na biyun. EW7 ba mugun inji ba ne, ga mai yara huɗu da albashi ma ya fi sauƙin mai. Abin da nake so in sani shi ne wace burenbos ke tuƙa shi, tasa ce ko ta tsohon injin aka bari. Baƙin filogin nan ko daga rashin tamostat ne, ko daga nan, ko oksijin sensa ta mutu. Kwamfuta za ta faɗa. A gwada kwamfireshan na silinda huɗun kuma kafin ka ba da ko sisi.

In sun fito daidai, ka cire masa kuɗin waɗannan daga farashi: taimin bel da tenshona da wata famfo gaba ɗaya, don ba ka san ranar da aka saka na ciki ba, tamostat, mayar da fanka kan hanyarta, filogi huɗu, hannun ƙafar baya, yankan makulli na biyu. Baƙin mai lita huɗu da ɗan ɗoriya take sha, 10W-40 ko 5W-40, kada a zuba maka mai kauri don wai inji ya tsufa. Takardu kuma a gyara lambar inji ta dace da wanda ke ciki, kada wata rana a tsare ka a hanya da iyali.

Sani Gareji:
In ya mayar da tamostat ta yi obahitin a Afrilu, ina nan.

Oga Tanimu Mai Fijo:
In ta yi, ni zan gyara kyauta, kai kuma ka zo ka riƙe min fitila.

Abba Kofar Ruwa:
Malam tunda ka ƙi jin shawara, hannun ƙafar baya akwai shi a shago, na Beljiyam da sabo. Ka zo da tsohon a gwada, na salun da na wagon kada a yi kuskure.

Baban Walid:
Dillalin ya kira yanzu, ya ce mai motar ya yarda a kai ta a sa kwamfuta ranar Asabar da safe, amma ni zan zuba mai. Oga Tanimu, ƙarfe nawa kake buɗewa?

Oga Tanimu Mai Fijo:
Takwas. Kada a tayar da ita a yi ta zagaye kafin ku taho, daga gida kai tsaye, ina so in ga filogin sauran ukun da idona.